Ƙarfe Uku a Layin Pampo

Kuran ya ɗauke tun bayan lisha,
Damagaram ta koma hannun taurari.
Mu goma sha ɗaya ne a bakin pampon Garin Malam,
kowa zaune a kan jarkarsa,
pampo sai tari yake, ya ƙi tofar da komai.

Ni mai gyaran agogo ne a Kasuwar Dole.
Cikin aljihun teburina matattu arba'in da bakwai ke kwance,
masu su ba su dawo ba.
Wani ya tsaya tara saura kwata,
wani sha biyu cif, hannuwa haɗe kamar mai roƙo.
Shekara talatin ina buɗe cikinsu da tsinke,
ban taɓa iske lokaci a ciki ba,
sai haƙoran ƙarfe, da tsatsa, da silin gashin wani.

Zuwera autata, mai karatu a jami'a,
ta nuna sama da haɓa:
Baba, Kazar can da 'ya'yanta,
hasken da kake gani ya baro gida
tun ba a kwaɓa ƙasar ganuwar Birni ba.
Sama tsohon labari ce.
Ɗan aike ya daɗe a hanya,
wata tauraruwar ma ta tashi daga inda ta yi aiken.

Na ce, to kafin su fa?
Ta ce duk abin nan, da rana, da Zara matar wata,
da duwatsun da suka durƙusa a Birni kamar raƙuma,
sun taɓa matsuwa a wurin da bai kai ƙwayar gero ba.
Sai ya buɗe.
Har daren nan buɗewa yake,
kamar ƙullin fanke da ya kwana a rufe.

Na ce, kafin ƙwayar fa?
Ta yi dariya: Babu kafin, Baba,
ita kanta jiya a nan aka yanke mata cibiya.

Tsohuwa Gaptiya, da muka zaci barci take,
ta yi magana daga cikin zane:
Gero dai ba ya shuka kansa.
Zuwera ta ce, ban musa ba, Kaka,
ni awon tsiro kaɗai aka koya mini.

Wani jaki ya yi kuka wajen majema.
Pampo ya sake tari.

Da na tambayi ƙarshe, sai da ta yi jim.
An ce taurari za su cinye itacensu,
su mutu ɗaya bayan ɗaya
kamar murhunan unguwa in an kwashe tuwo,
nesa tana ƙara nesa,
toka ta huce,
ba wanda zai rage ya tambayi ƙarfe nawa.
Liman kuwa ran Juma'a ya ce mana
za a naɗe sama kamar tabarmar baƙon da ya tafi.
Na kanga zancen biyu a kunne, yadda na saba,
na ji duka suna tafiya.

Akwai ɗaya a aljihun rigata, ba na kasuwa ba ne.
Na uwarta ne, ƙarami, mai tsagaggen gilashi.
Biyar da minti goma.
Na san ciwonsa, aikin rabin sa'a ne,
shekara tara ke nan ban buɗe shi ba.
In gaskiya ne haske yakan daɗe a hanya,
to akwai wani wuri can nesa
inda har yanzu tana shanya a tsakar gida,
labarin bai kai ba tukuna.

Ban faɗa wa Zuwera wannan ba.

Gamzaki bai leƙo ba pampo ya shaƙe, ya yi atishawa,
ya saki ja, sannan fari.
Layi ya miƙe da ƙarar jarkoki.
Zuwera ta tara hannu, ta ce, ka sani, Baba,
an ce wani ruwan ma ya girmi rana.
Gaptiya ta ce, to matsa da jarkarki, 'yar nan,
kada dattijo ya zube a ƙasa.