Buta Ɗaya

Habsu, ajiye jarkar nan, layin famfo bai motsa ba.
Zo inuwar dutse in ba ki labarin ruwa.

Ba don teku na bar Damagaram ba.
Basilla na ɗauka, da zare, da kakin zuma,
ƙafa ta kai ni Dakar, ina ɗinkin takalma bakin tashar jirage,
har ran da wata tsohuwar Baturiya, rana ta mai da fatarta kilishi,
ta shimfiɗa mini zanen jirginta da iska ta keta.
Ta ce, ka iya?
Na ce, hannun da ya huda fatar raƙumi?

Daga ɗinkin yini ɗaya, sai shekara huɗu.

Jirgin bai kai zauren Malam Mutari tsawo ba.
Mu uku a ciki: ita, da Zuwawu mai haƙori guda da dariyar mutum goma,
da ni, da na yi kwana tara ina amai,
ina roƙon Allah ƙasa, ko da ta kabari ce.

In na ta da kabbara alƙibla na gabana,
kafin ruku'u ta koma kafaɗar hagu.
Na bar wa Mai gabas da yamma lissafin.

Tsibiran nan sunayensu na karya harshe,
sai na raɗa musu namu.
Mai duwatsu goye da juna, Birni.
Mai hayaniya da ƙarnin kasuwar kifi, Zango.
Wani ɗan mitsitsi kore shar,
kwakwa bakwai, akuya ɗaya,
na ce kai ne Mirya, na kwana ina kuka ban san dalili ba.

Ga abin da ba za ki yarda ba:
ƙishirwa a tsakiyar ruwa take da gida.
Iska ta ɗauke mana kwana goma sha ɗaya.
Zane ya saki jiki kamar shanyar da aka manta a igiya,
tankin ruwan daɗi, in ka ƙwanƙwasa, sai ya amsa maka.
Baturiya na ta lissafi da biro.
Zuwawu ya rufe haƙorinsa.

Ni kuwa na jawo butata.
Na nuna musu karatun kakarki:
loma uku ta ruwa, a riƙe a baki kafin a haɗiye,
na wankin shinkafa shi ke wanke kwano,
na kwano shi ke jiƙa tsumma,
tsumma ya goge wuyan mutum uku.
Ran nan aka damƙa wa ɗan Damagaram makullin tanki,
ba wanda ya tambayi takardar lakwal.

Daren sha biyu igiya ta yi ƙara,
zane ya cika ciki, ɗinkina ya riƙe.

Yanzu in kin ga ina tafiya ƙafa a ware,
ba tsufa ba ne, ƙasar ce ba ta rausaya.
Da asuba nakan hau nan in dubi duwatsun Birni
sun ɗago kai daga duhu, ɗaya can, ɗaya can,
hannuna na neman igiyar da zan ja.

Tashi, ga famfo ya fara tari.
Kada ki cika ta har baki, tana zuba a hanya.