Fitilar Nomau

A Tawa babu teku, kowa ya sani.
Ruwanmu tabkin Babaye ne, shi ma rani na shanye rabinsa.
Amma a Bilbis, kan soron gidanmu,
da an sallame magariba
za ka ga tsoho yana hawa tsani da fitila,
gwiwa na ƙara, tafin hannu na tare wa wuta.

Nomau ke nan, kakana.
Ya tafi biɗa yana ɗan sha tara
a bayan motar albasa, da tabarma da ƙullin gari,
har inda ƙasa ta ƙare.
Ya yi dako, ya ja koma da masunta,
sai ranar da aka ce ana neman mai gadi
wanda barci bai fi ƙarfinsa ba
a wata farar hasumiya bisa dutse,
ita kaɗai, babu maƙwabta.

Matakala ɗari da goma sha huɗu.
Shekara talatin da ɗaya yana ƙirgawa
bai ga ƙari ba, bai ga ragi ba,
sai can ƙarshe ƙafarsa ta rantse an ƙara mata.

Ya ce a bangon ɗakin sama akwai sunaye, karcen ƙusa.
Na farko Bature ne, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin damina ta biyu.
Sai Akakpo mai ido ɗaya,
da ya hau da garwar kananzir a ka har kansa ya yi sanƙo.
Sai ɗansa Yawo, da ya rintsa dare guda tak,
jirgin katako ya daki dutse, mutum bakwai.
Da safe ya sauko, ya ajiye makulli a ƙofa,
ba a sake jin muryarsa a garin ba.
Akwai kuma Afiwa, da ta riƙe fitilar wata tara
mijinta na kwance, albashi na fita da sunansa.
Babu ita a littafin gwamnati, babu ita a bangon.
Kakana ne ya sa ta,
shi da bai yi boko ba, da ajami ya rubuta.

Aikin ba wani abin labari ba ne, in ji shi:
datse lagwani, goge madubi da tsumma,
kankare tsatsar da gishiri ke haifa wa ƙarfe.
Jiragen da ya tsirar bai san sunan ko ɗaya ba.
Su wuce can nesa kamar garwashi,
ba sallama, ba sannu da aiki.
Wanda ya isa lafiya ai shi ne ke manta.

Daga baya aka kawo inji mai kunna kansa.
Suka ba shi hannu, suka ba shi agogon bango,
ya naɗe tsummansa ya nufo arewa.
Suka ce, je ka huta.

Yanzu matasan unguwa kan ɗaga kai daga shayinsu:
Baba Nomau, wane jirgi ne yau, raƙumi ko amalanke?
Ya yi dariya, bai amsa ba.
Ni na san amsar.
Babana Arzika ya bi hanyar Ƙonni ina goye,
bana shekara goma sha ɗaya,
wasiƙa biyu, sai shiru.
Tsohon bai taɓa kiran sunansa a kan soro ba,
sai dai in an yi tsit ya karkata kunne kudu
duk sanda ya ji kukan mota.

Jiya gwiwar ta ƙi.
Ya zauna gindin tsani, ya miƙo mini fitilar
ya ce, Zali, taka na huɗu yana rawa, bi a hankali,
in iska ta taso ki juya mata baya.
Matakala tara ne kacal, na ƙirga.
A sama na tarar da ƙusa a soke jikin bango,
da sunansa, da wani fili ƙarƙashinsa
daidai faɗin hannun ƴa mace.
Ban taɓa ƙusar ba tukuna.
Na dai tsaya har asuba, ban bari ta mutu ba, wutar nan tasa,
ko in ce tawa, tunda ni ke riƙe da ita.