Tagar Dare

Ƙarfe uku a Brno.
Taragon ƙarshe ya wuce da kukansa tun ɗazu,
shayin Bohdana ya huce,
na'ura ta faɗi karo na tara.

Can ƙuryar ƙwayar tsarin
taga ɗaya ce tak.
Manhaja ba ta da ƙafar shiga.
Bakin taga take zuwa ta ajiye lamba,
ta ajiye adireshi,
ta ce buɗe mini, ta ce karanto,
sannan ta ƙame kamar hoto.
Ƙwaya ta killace mata kayanta,
ta nemo lambar a jadawali,
ta yi aikin, ta miƙo amsa,
ko ta ce: wannan ba naki ba ne.

Haka aka tsara.
To wa ke shigowa ba sallama?

Ta cire tabarau ta murza ido,
sai ga mahaifiyarta, Zdislava,
shekara ashirin da shida a kantin maganin dare
kan gangaren tasha,
bayan gilashi mai kaurin yatsa biyu,
da aljihun ƙarfe mai zamewa ciki da waje.
Takardar likita in ta shigo, ta shigo ke nan.
"Ki karanta ki mayar masa?
Me zai hana ya ƙara sifili
kafin ki juyo daga kanta?"

Layi na ɗari huɗu da sha biyu.
Ga shi ƙuru-ƙuru.
Ƙwaya ta leƙa waje, ta ga tsawon saƙo,
sittin da huɗu, ta gamsu,
ta tanadi kwano daidai wa daida.
Ta sake leƙawa don ta ɗauka.
Ƙiftawa da bisimilla,
ɗaya hannun manhajar, wanda bai ƙame ba,
ya mai da shi ɗari shida da arba'in.
Kwano ya tumbatsa,
ya malale a shimfiɗar maƙwabta.

Gyaran bai kai layi huɗu ba:
a kwafo sau ɗaya,
a rufe aljihu,
a auna abin da ke hannu,
na waje kuwa iska ce.

Ta tura wa Ctirad, wanda da safe
zai yi ƙorafi kan wani waƙafi.
Ta sa gwaji, ya zaga sau dubu, bai faɗi ba.

A hanyar gida ƙanƙara na narkewa a takalminta.
Kantin yanzu wayoyi ake sayarwa,
amma aljihun na nan, an shafe shi da fenti.
Ta ja shi da yatsa.
Bai buɗe ba.