Abin da Toka ta Faɗa

Da sanyin safiya na sauka ramin kuza na Bukuru,
bokiti a hagu, tsohuwar wuƙa a dama.
Ruwa ya ja baya taku bakwai,
ya bar wa duwatsu koren zane
wanda ba a saƙa ba, ba a rina ba.

Gyang mai gadi ya ce, "Hajo, me za ki yi da majinar ruwa?"
Na ce aunawa zan yi.
Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

Na ɗora firam, kamu ɗaya kowane gefe.
Abin da ya faɗo ciki nawa ne,
na waje na kwaɗi.
Na kankare dutse kamar mai cire ƙanzo,
santsi na neman kai ni ƙasa,
yatsu sun ƙandare, hanci ya sha ƙarni.

A ɗakin gwaji sikeli ya ce giram ɗari huɗu da tara.
Kwana biyu a tanda, ya koma talatin da ɗaya.
Ashe ƙibar aron ruwa ce,
mai abu ya karɓi abinsa.
Na ƙone saura,
toka ba ta cika cokalin shayi ba.

Amma toka ba ta ɓoye baƙo:
ga ƙarfe, ga gishiri, ga alli kaɗan,
ga ɓurɓushin dalma da ba wanda ya gayyata,
ga kuza ta leƙo a ƙarshen layi.

Kakana Tanko na cikin mahaƙan wannan rami,
kwano a ka, sule a aljihu, tari a ƙirji.
Bai bar gida ba, bai bar hoto ba.
Kamfani ya kwashe mai nauyi,
ruwan sama ya gaji ramin,
gansakuka ta zauna tana tsotsar ragowa
shekara tamanin, ba ta gaya wa kowa ba.

An ce a bakin teku tana da dangi
masu tsawon igiyar guga,
sun kama dutse, raƙuman ruwa na marinsu.
Ban taɓa ganin teku ba.
Tawa gajera ce kamar gashin jariri,
amma riƙon ɗaya ne.

A takarda akwai gurbin nauyin ɗanye, akwai na busasshe,
babu gurbin sunan Tanko.
Na sa hannu.
Gobe dutse na biyu.
Gyang ya ce in zo masa da abin da toka ta faɗa,
don awakinsa a nan suke sha.