Daren Matsar Zaitun

Garinmu mutum dubu biyu ne da ɗari uku,
a wani lungu na arewacin Fotugal.
Duk abin da suka wanke, duk abin da suka zubar,
ni yake gangaro wa, ni Gracinda,
can ƙasan gadar dutse, inda kwalta ta ƙare.

Tankuna uku gare ni, da tafki ɗaya.
A na tsakiya nake kiwo.
Dabbobina ido ba ya ganinsu,
ba sa kuka, ba sa neman turke,
iska kawai nake hura musu dare da rana,
su cinye ƙazantar gari, su kwanta laka,
ruwa ya tsaya a kansu garau.
Kullum da safe in cika kwalba, in ɗaga ta ga haske
kamar mai duba ƙwai.

Nuwamba ce, zaitun ya nuna.
Ƙarfe biyun dare wayar aiki ta tashe ni.
Tun daga ƙofa hanci ya ba ni labari:
ɗaci, tsami, maiƙo.
Na haska tocila, ga baƙin ruwan matsa
yana kwararowa, yana bori.
Injin matsa ɗaya ne a garin nan,
na Amílcar,
wanda ya riƙe ɗana ranar baftisma.

Bawul ya cije don tsatsa.
Na sa ƙarfe, na sa ƙirji, na zagi uwar ƙarfen,
har ya juya, dagwalon ya karkata tafki.
Tafkin zai ɗauka zuwa asuba. Daga nan sai kogi.

Kogi kuwa ba a nan ya tsaya ba.
Kwana biyu na hanya, akwai kabejin tsoho Horácio,
akwai madatsar da yara ke tsunduma a Agusta,
akwai karen ruwa da 'ya'yanta biyu,
gaba kuma wani gari
inda wata da ban san sunanta ba
za ta tara kofi a famfo ta ba jariri.

Na buga masa ƙofa da takalmin roba.
Ya ce, "Ruwan sama na tafe, zai wanke.
Kakana ma haka ya yi."
Na dire kwalbar a teburinsa, gefen burodi.
Na ce, "Sha rabi, in buɗe maka hanya."
Ya daɗe yana kallonta.
Sannan ya ɗauki hula, ya je ya toshe bututun.

Duk da haka na rubuta sunansa a littafin aiki.
Hannuna ya yi rawa, amma harufan sun fita.

Rabin garkena ya mutu a daren.
Sai da na aro laka mai rai daga matatar maƙwabta,
kamar mai ɗebo wuta,
kwana tara ina lallashi kafin kwalba ta washe.

Bana galan ɗin mai bai zo gidana ba.
A coci Amílcar rufin ɗaki yake kallo.
Horácio kuwa bai san an yi ba,
na gan shi a kasuwa ranar Asabar
yana mitar kabeji ya faɗi.

Yau da safe, a bakin bututun fita,
zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya,
yana jiran kifi.