Sikelin Gadarif

A kasuwar riɗi ta Gadarif
Baba Ilu bai taɓa ƙirga ƙwaya ba.
Buhu kan sikeli, shi ke nan:
"Wanda ya san nauyi ya san yawa."

Na ɗauka ƙiwa ce,
sai da Malama Kande ta auna ruwa a finjali,
giram sha takwas.
"Mol guda. Rubuta shida,
ki jera masa sifiri ashirin da uku."
Allina ya gutsure a na sha tara.

Da la'asar na kurɓi ruwan tulu,
maƙwarwa ɗaya tak,
na haɗiye adadin da riɗin duniya bai kai ba.

Baba yana ɗinke bakin buhu,
basilla a hannu, yana hamma.