Ja da Kore

Shekara ashirin da shida ina ɗaure kusoshi
a gindin kwamfutar cinya, takwas-takwas,
a masana'antar Farin Zalɓe, bayan garin Taoyuan.
Har gobe in na ɗauki tsinken cin shinkafa
sai yatsuna su murɗa shi dama.

Ranar da aka sallame mu, kuɗi a ambulan,
Shu-ying ta kama shagon taliya a bakin ƙofar ma'aikata.
Ni na haye bene wurin dillali Hsu,
na ce, zuba mini duka a inda na fito.
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
"Madam Kuo, sanin gida daban, sanin kasuwa daban."
Na ce, na san nauyin abin a tafin hannuna,
kai a takarda ka san shi.

A allon kasuwarmu ja ne hawa, kore ne faɗuwa.
Na koyi ƙin launin ganye.
Shekara huɗu allon yana tsiro kamar fadamar shinkafa,
jikana Chun-te yana kwance a kujera, waya a hanci,
yana cewa, "Kaka, wa zai ɗauki tebur a jaka
ga duniya a aljihu?"
Kiɗa ya sauya, in ji kowa,
ni kuwa gwiwoyina rawa ɗaya suka iya.
Ban sayar ba. Ba don hikima ba,
kunyar idon Hsu ce ta hana ni hawa benen.

Sai ga shekarar da aka kulle ƙofofi,
makaranta ta koma ɗaki, ofis ya koma kicin.
Kowane gida na neman abin da ya yar jiya.
Allo ya yi ja kamar garwashi,
uwar kuɗi ta haihu, 'ya'yan suka yi ta rarrafe.
Na sayi firiji. Na gyara rufin da guguwa ta yaye.
Maƙwabta suka fara tambayata labarin gobe,
ni da ko ruwan yamma ba na iya cinta.

Da aka buɗe ƙofofi, ciniki ya rufe.
Wanda ya ƙoshi ba ya tsayawa gaban tukunya.
Kwalaye suka cika sito har rufi,
kore ya dawo, ya shimfiɗa tabarma.

Bara shugabanni suka taru a otal, ba a gayyace ni ba,
ko da yake takarda ta ce ina cikin masu gida.
Suka ce an rage na cinya,
za a koma ƙera manyan injuna masu kwana a ɗakin sanyi,
waɗanda ba wanda zai taɓa rungumarsu a jirgin ƙasa.
Kafin la'asar allo ya kama da wuta.
Hsu ya bugo, muryarsa na rawa: "Kin ci!"

Na ci.
Layin da na tsaya a kansa an kwance shi,
mutum ɗari uku sun karɓi irin ambulan ɗina.
Shu-ying na dafa rabin tukunya, tana zubar da saura.
Jiya na je, na ci kwano biyu ba da yunwa ba,
ta ƙi karɓar kuɗi,
na kasa gaya mata daga ina ribata ta fito.

Da dare Chun-te ya kawo tsohuwar kwamfutarsa,
murfi na lilo, zai rubuta takardar neman aiki.
Na kife ta a kan tebur, na buɗe cikinta.
Can kusa da batir, ga ɗan hatimin dubawa,
lamba ɗari da sha huɗu.
Tawa ce.
Kusa bakwai na nan daram.
Na laluba ƙasan akwati, na samo ta takwas,
na murɗa dama.